Mangwaro a Ƙasar Aro

Ni ba don an ga ina da ƙwaƙwalwa aka sa ni a makarantar boko ba. Mai unguwa ne ya aiko cewa kowane gida sai ya ba da yaro ɗaya, har da mu mutanen ruga. Baffa, wato mahaifina, ya dubi yayyena maza biyu, ya ga babu wanda zai iya cirewa daga bayan shanu, sai ya waiwayo kaina. Uwata ta rasu ina da shekara huɗu, ga ni da baki, ga taurin kai. Goggo, yayar Baffa da ta riƙe ni, ta ce, "Ku ba su ita, ko kunnena ya huta."

Rugarmu tana gefen wani ƙauye ne wajen Fulatan, a ƙasar Rogo. Bukka huɗu ce da garke, a kan ɗan tudu a ƙarshen gonar wani dattijo. Wurin ba namu ba ne, aro ne. Shi ya ba Baffa wurin zama, mu kuma da rani shanunmu su kwana a gonarsa su zuba masa taki. Shekara tara ana haka, ba takarda, ba shaida, sai gaisuwa da mutunci. Baba muke ce wa dattijon. In ya zo zagayen gona yakan tsaya a bakin ruga ya yi sallama, Goggo ta miƙa masa ƙwaryar nono, ya sha, ya ce, "Allah ya ƙara wa garke albarka." Uwata ma a maƙabartar ƙauyensu take kwance, shi ya ja sallar gawarta.

A makaranta ni kaɗai ce 'yar ruga. Benci ɗaya mutum huɗu ne, amma nawa mu uku ne, kuma su biyun sai su matsa can ƙarshe, wai ina warin man shanu. In na buɗe baki Hausata ta karkace, aji ya ɗauki dariya. Ni kuwa ba na barin ko-ta-kwana, na yaga rigar mutum ya fi sau a ƙirga, na sha bulala a kai. In na koma gida kuma yaran ruga su ce ga 'yar boko, ta manta yadda ake tatsa. Safe da rana ni kaɗai nake bin hanyar nan ta cikin gonaki, ina magana da kaina. Wallahi har na saba, na ɗauka haka Allah ya yi kowa.

Ina aji biyar, farkon shekarun casa'in, wata ƙungiyar sa-kai daga Kano ta fara zuwa makarantun ƙauyukanmu. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, mutane ne da suka haɗa kansu don koya wa yara kula da itatuwa da ƙasa da ruwa. Mu dai 'yan bishiya muke ce musu. Mutum biyu ne ke zuwa mana duk Asabar a cikin wata tsohuwar akori-kura: wani tsohon ma'aikacin gandun daji mai malafa, shi ke tuƙi, da wata mata mai tabarau da muke kira Malama. Ba sa shiga aji. Su tara mu a gindin tsamiya, sai a ɗau hanyar daji ana tafe ana kallo. Su nuna mana inda ruwa ya ci gona ya yi kwazazzabo, su sa mu jera duwatsu a bakinsa. Su sa mu ɗebo ƙasa a hannu mu shinshina. Yara suka ce mutanen birni ba su da aikin yi.

A fita ta uku ne muka tsaya a wata saura inda ƙananan gawo suka tsiro tsomo-tsomo. Malama ta ce, "Wa zai faɗa min abin da ya sa suka taru a nan, alhali babu uwarsu kusa?"  Ni na sani tun ban san hannun damana ba, amma na ƙudura ba zan yi magana ba. Bakin nan nawa ne ya ci amanata.

"Dabbobi ne suka kwana a wurin," na ce. "Sun ci 'ya'yan gawo, suka yi kashinsu. In bai bi ta cikin dabba ba, ba ya saurin fitowa."

Jin kalmar kashi, yara suka fashe da dariya, wani har da faɗuwa ƙasa. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce da mai malafa, "Ka ji ko? Mu muna can muna jiƙa iri a ruwan zafi, ga wadda ta san dalili." Ta tambaye ni yadda muke kiran gawo da Fillanci. Na ce caski. Kuka fa? Na ce ɓokki. Ta ciro littafi tana rubutawa, tana maimaitawa, in ta karkata in gyara mata. Harshen da ake yi min dariya a kansa, ga shi ana rubutawa da biro a littafin mutanen birni! Daga ranar a gefenta nake tafiya, ni ke riƙe mata jaka. Na gaya mata ganyen da saniya ke ci ta yi nono, da wanda in ta ci ciki ya kumbura. Sati a wurina ya zama kwana shida na jira da Asabar guda.

Da damina ta yi tsakiya, suka zo da bayan mota cike da dashe a cikin baƙaƙen ledoji: darbejiya, gwaiba, mangwaro. Malama ta ce kowa ya ɗauki ɗaya ya kai gida ya dasa, ya kula da shi, in kaka ta yi za su bi gida-gida su duba, wanda nasa ya fi kyau yana da kyauta. Na zaɓi mangwaro mai ganye shida. Na rungumo shi har ruga, ƙasar ledar duk ta ɓata min riga.

Lokacin Baffa da yayyena ba sa nan. Da damina sukan kora shanu can daji nesa da gonaki, sai an girbe amfanin gona su dawo. Goggo na tarar tana burga nono. Ta dubi abin da ke hannuna ta ce, "Wannan fa?"

"Dasawa zan yi, Goggo. Na makaranta ne."

"To mai da shi makarantar. Ba a dasa itace a nan."

"Don me?"

"Don ba a yi."

Shi ke nan amsar. Manyanmu ba sa yi wa yaro bayani. Ni kuma na ƙoshi da "ba a yi": ba a zama a kan turmi, ba a yin fito da baki a cikin gida, ba a kiran sunan ɗan fari. Na ɗauka wannan ma ɗaya ce daga cikin irin su. Na ce to, na fita kamar zan koma, na zaga bayan garken da ba kowa, inda ciyawa ta fi ni tsayi. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, takin shekara tara. Na haƙa rami da guntun fartanya, na yaga ledar yadda aka koya mana, na dasa. Na saro ƙayar magarya na kewaye shi saboda awaki, hannuwana duk suka yi jini.

Ina jin kunyar faɗa, amma mangwaron nan shi ne abokina na farko a duniya. Da asuba kafin in tafi makaranta in leƙa shi. In na dawo, Goggo tana can tallan nono, in zauna a gabansa in kwashe labarin ranar in gaya masa: wadda ta zage ni, abin da na rama, abin da ya kamata in faɗa ban tuna ba sai a hanya. Ba ya dariyar Hausata. Ran da ya fitar da sababbin ganye jajaye masu laushi, na tsorata, na zaci ciwo ne, ban iya cin tuwo ba sai da Asabar ta zo Malama ta ce alamar lafiya ce. Da ruwa ya ɗauke, a ƙwarya nake ɗebo masa daga rafi, sawu biyu kullum. Goggo ta ce ban taɓa son zuwa rafi irin bana ba, ko aljani ne ya aure ni.

Ranar dubawa ta zo ana tsakiyar yankan dawa. Akori-kurar nan ta biyo burtali tana tangaɗi har bakin rugarmu, abin da mota ba ta taɓa yi ba. Na kai su bayan garke. Mangwaro ya kawo min cinya, ganye kore shar. Malama ta riƙe baki ta ce, "Masha Allah! Duk zagayen da muka yi ba mu ga kamarsa ba." Mai malafa ya zaro tef ɗin awo, ya auna tsayinsa, ya auna faɗin shingen ƙayar. Ya ɗauko wani turke mai farin fenti da lamba a jiki, ya kafa a gefe, ya buga da dutse. Malama ta rubuta a littafi, ta sa ni na tsaya kusa da shi ta ɗauki hoto. A rayuwata ba a taɓa ɗaukata hoto ba sai ranar.

Ina cikin wannan murna na hango babban ɗan Baba a cikin gona. Ya daina yanka, ya miƙe tsaye da lauje a hannu yana kallonmu. Na ɗaga masa hannu. Bai ɗaga ba.

Abin da ban sani ba, kuma mutanen birnin nan ba su yi tunaninsa ba, shi ne abin da tef da turke suke nufi a ƙasarmu a shekarun nan. Ana aikin madatsar ruwa a wajen Karaye, kuma kowa ya ji labarin yadda 'yan awo suka fara zuwa da tef da turaku masu lamba, daga baya aka tashi ƙauyuka, gonaki suka shiga ruwa. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ba sai an ce ya shafa wa nasa ruwa ba. Kafin la'asar magana ta cika ƙauye: Fulanin Baba sun dasa itace a ɓoye, sun kawo hukuma ta auna wurin ta rubuta musu.

Goggo ta dawo ta ga sawun taya a bakin ruga. Ta bi shi da ido, ta zaga bayan garke. Da ta fito ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Ta sauke ƙwarya ta zauna a ƙasa ta ce, "Innalillahi. Yarinyar nan kin tashe mu."

Bayan kwana biyar Baffa ya dawo da shanu. Tun a hanya ya ji labari. Bai ko zauna ba ya ɗauki ƙoƙon man shanu da goro ya nufi gidan Baba. Ya daɗe. Da ya dawo ya kira ni gindin bukkarsa, na durƙusa. Baffa mutum ne mai ƙarancin magana, ban taɓa jin ya yi min doguwa irin ta ranar ba.

"Hatsi baƙo ne," ya ce, "wata huɗu ya tafi. Bukka ma in an ce tashi, aikin yini ɗaya ce. Amma wanda ya dasa itace, cewa yake yi jikokina za su sha inuwarsa a nan. Mai aro ba ya faɗin haka. Ko manomi ɗan gari in ya ari gona ba ya dasa ko zogale, balle mu."

"Baffa, ba wanda ya gaya min."

"An ce miki ba a yi."

Na ce to ai sai a je a yi musu bayani, ba hukuma ba ce, Malama ce. Ya ce ya yi, hedimasta ma ya je ya yi. Baba ya yarda, ya ce yarinta ce. 'Ya'yansa ne suka ce sai an cire itacen da turken a gaban idonsu. "Kuma hannun da ya dasa shi zai cire," in ji Baffa. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Washegari da hantsi babban ɗan Baba ya zo da ƙannensa biyu suka tsaya. Na janye ƙayar da kaina. Na sa fartanya na fara haƙa daga nesa, don kada in taɓa saiwa. Ɗayansu ya ce, "Ke, fizge shi mana, muna da aiki." Na ɗago na harare shi, na ce in yana sauri ya tafi, gonar ba guduwa za ta yi ba. Baffa ya daka min tsawa. Na ci gaba da haƙa. Ashe saiwar ta yi nisa fiye da tsayin itacen, ta bi takin nan ta nutse. Na haƙa har hannuna ya shige zuwa kafaɗa ban kai ƙarshenta ba. Daga baya na ji ta tsinke, ɗas. Ban yi kuka a gabansu ba, wannan kam ban ba su ba. Babban ya zare turken ya tafi da shi.

Na naɗe saiwar a tsumma mai ruwa na kai shi makaranta. Hedimasta ya ce in dasa a bayan ofis. Amma rani ya shigo, rijiyar makaranta ta yi ƙasa, ga saiwa a tsinke. Ganyen suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya. Kafin sati uku ya zama tsinke, wata akuya ta ƙarasa shi.

Bayan hutu 'yan bishiya suka dawo da kyauta. Aka tara makaranta duka, aka kira ni gaba, Malama ta miƙa min butar ban-ruwa ta ƙarfe, koriya, mai baki kamar rariya. Aka ce a tafa, aka tafa, har da masu cewa ina wari. Hedimasta ya sunkuyar da kai. Malama ta dafa kafaɗata ta ce, "Yaya mangwaronmu?"

Na ce, "Yana nan lafiya, Malama."

Har yau ban san abin da ya sa na yi mata ƙarya ba. Wataƙila don ita kaɗai ce take kallona da fara'a, ban so in ga fuskar ta canja ba. Shekarar ce ta ƙarshe da suka zo makarantarmu, suka koma wasu ƙauyuka. Ta tafi tana zaton akwai mangwaro a bayan garkenmu.

Na zaci tunda an cire, magana ta mutu. Ina! An ci gaba da gaisawa, amma gaisuwar ta gajarce. Baba ya daina tsayawa shan nono. Da bazara ta kusa, ya aiko a gaya wa Baffa cewa bana yara suna so su noma tudun, iyali sun yi yawa. Ba faɗa, ba zagi. Baffa ya ce, "Madalla, mun gode da zaman da aka yi." Ya yanke shawarar yin kudu da shanu. Ni kuma ya ce ba da ni ba. Akwai wani malamin allo abokinsa a Karaye, a gidansa zan zauna wajen matarsa in ƙarasa makaranta. "Tunda bokon nan ya ci mu," ya ce, "sai ki tsaya ki ci shi."

Ranar tashi aka kwance bukkoki, aka ɗaure kaya a kan shanun dako. Goggo ba ta yi min magana sosai ba tun ranar mota, amma da safen nan ta tsefe min kai ta yi min kitso, tana ja da ƙarfi tana share hanci. Ban sake ganinta ba, a can kudu ta rasu bayan shekara uku, sai labari na ji.

Ana shirin kora shanu sai ga Baba ya taho da sandarsa, shi kaɗai. Suka gaisa da Baffa, suka yafi juna, suka yi addu'a. Na koma gefe da ƙullin kayana da butata, ina fatan kada ya gan ni. Ya gan ni. Ya yafito ni, na je na durƙusa na ce, "Ina kwana, Baba." Na jira faɗa.

Ya daɗe yana kallon ramin da ke bayan garke, wanda ban cike ba. Sannan ya ce, "'Yar nan, me ya hana ki zo wurina? Da kin kawo min shi, da ni zan sa shi a ramin da hannuna. Ya zama nawa, ke ki yi ta ba shi ruwa, in ya yi 'ya'ya ki sha. Babu wanda zai ce uffan."

Wayyo Allah. Ashe akwai hanya, kuma gidansa bai fi kiran murya daga rugarmu ba. Kukan da na hana 'ya'yansa gani, a gabansa na yi shi, har da majina. Ya ce, "Ya isa, ya isa, Allah ya yi miki albarka," ya juya ya tafi a hankali.

Shanu suka yi kudu, ƙaramin yayana ya raka ni bakin titi ya sa ni a motar Karaye, ya koma da gudu don ya cim musu. Na zauna a baya tsakanin buhuna da butar a kan cinyata. Wata mata a motar ta ce, "Kai, wannan buta da kyau take. Lambu gare ku?"

Na ce a'a.

Butar tana nan wurina, ta yi tsatsa a gindi. Na yi karatun, na yi aikin koyarwa shekaru masu yawa, kuma duk a gidajen haya na yi su. Ina tsirar da ƙwallon mangwaro a tsofaffin gwangwanaye a tsakar gida. In ya kai tsayin gwiwa sai in ɗauka in kai wa wanda yake da ƙasa.